Da an yi la'asar Baba sai ya ce zai tafi rufe shago, yaya za mu yi da shi?

Ɗiyar Cikin Gari

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan mahaifinmu. Shekarunsa 79, ya yi sama da shekara arba'in yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Shekara biyu ke nan da likita ya ce yana da cutar mantuwa, wadda ake ce wa gigin tsufa. Bayan rasuwar Hajiyarmu muka ɗauko shi daga gidansa na cikin gari, yanzu yana gidan yayanmu a Rijiyar Zaki.

Da safe lafiya lau. Amma da an yi la'asar sai ya ɗauki hula ya ce zai je ya rufe shago, wani lokaci ya ce gida zai koma. In an tare shi sai faɗa, shekaranjiya har ya ɗaga wa Yaya sanda. Yana cewa jikansa na ɗebe masa kuɗi, yaron har ya daina shiga ɗakin. Yana tambayar ina Hajiya, in mun ce ta rasu sai ya yi ta kuka kamar yau aka yi rasuwar. Kwana goma da suka wuce mai kyamis ya ba mu Piriton muna ba shi da daddare don ya samu barci, amma abin kamar ƙaruwa yake, yanzu har da rana yana ruɗewa. Masu sani ku taimaka.

Ma'aikaciyar Jinya

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya ba ku ladan hidima. Kafin a zo kan dabarun lallashi, maganar ƙarshe da kika yi ita za a fara dubawa, don ita ce mai gaggawa.

Cutar mantuwa a hankali take tafiya, sai an yi watanni ake ganin bambanci. Duk sanda tsoho ya rikice cikin kwana biyu ko mako guda, yanzu yana gyangyaɗi an jima yana fizge-fizge, ba ya iya bin zance ko na minti ɗaya, to wani abu ne dabam ya hau kan cutar, kuma galibi yana da magani. Piriton na cikin magungunan da ke rage wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira asetilkolin, wanda dama shi ya yi ƙaranci a cutar Alzaima, wadda nau'i ce ta cutar mantuwa. Wato kun ƙara ɗebe ruwa a rijiyar da take ƙafewa. Ban da haka yana busar da baki, yana taurara bayan gida, kuma a dattijo namiji mai kumburin furostet (wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) yana iya tsare fitsari. Ku dakata da shi, ku kai Baba asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ku tafi da su, har da na gargajiya. Phenergan da Valium da tiramadol da magungunan tari na ruwa, kada ɗaya ya shiga bakinsa sai da rubutun likitan da ya san yana da wannan cuta.

Kafin ku je ku samo amsar waɗannan, don za a tambaye ku. Yaushe rabonsa da bayan gida? In ya kai kwana uku, ya isa ya rikita shi. Fitsari fa, yana fita sosai ko ɗigo-ɗigo, yana wari, yana yamutsa fuska in zai yi? Taɓa mararsa, in ta yi tauri ta kumbura, wannan ba a kwana da shi. Akwai zazzaɓi ko tari? Ya faɗi a kwanakin nan, ko da bai ji ciwo a fili ba? A asibiti a gwada fitsari, zazzaɓin cizon sauro, suga da hawan jini. In kuka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, a wuce sashen gaggawa nan take.

Sai ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar mu, mai mantuwa kuma ko ya ji ba zai nema ba. A bazarar Kano da zafi ke wuce digiri 40, yana buƙatar kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda. Kada ku tambaye shi ko zai sha, a miƙa masa rabin kofi duk bayan awa guda. Kunu, fura mai ruwa-ruwa da kankana duk suna cikin lissafi. Yawancinsa ya shiga kafin magariba don kada fitsari ya hana shi barci. Goro da shayi kuwa a tsayar da su daga azahar, dukkansu suna kore barci, kuma mutane kan manta da goron.

Ciwo ma kada a raina shi. Gwiwa, baya, haƙori, ƙusar ƙafa da ta shige nama: ba zai ce "nan ke min ciwo" ba, sai dai ya ture wanda ya taɓa shi. Likita na iya sa shi a kan farasitamol na 'yan kwanaki a kan lokaci a ga ko faɗan zai ragu. Ku guji ibuprofen da diclofenac, suna cin ciki da ƙodar tsofaffi.

Malam Na Fagge

Abin da Malama ta faɗa shi ne farko. Ni zan ɗora a kan maganar la'asar, don ko an gyara jiki wannan ba zai tafi gaba ɗaya ba. Sananne ne a wannan cuta, yamma ita ce lokacin rikici: ƙwaƙwalwa ta gaji, haske ya fara ja, inuwa ta yi tsawo, gida ya cika da hayaniyar 'yan Islamiyya da girki. Ga kuma jiki da ya shekara arba'in yana tattara kaya a daidai wannan lokaci. Abin da ya faru jiya ya goge, na shekara talatin baya yana nan daram. To a wurinsa shago na buɗe, dukiyar mutane na ciki, ɗansa ya tsaya a ƙofa ya hana shi fita. Ko wane mai hankali aka yi wa haka zai ɗaga sanda.

Saboda haka "Baba ai ka daina zuwa kasuwa tun tuni" ba za ta taɓa aiki ba. Ba taurin kai ba ne, wurin da hujja za ta zauna ne ya lalace. Zai manta abin da aka faɗa cikin minti biyar, amma ɓacin ran zai kwana da shi.

Ga yadda ake yi. Mutum ɗaya ya tunkare shi, ba uku ba. Ta gaba, inda zai gan shi, ba ta baya ba, kuma kada a tsaya tsakaninsa da ƙofa, a tsaya a gefensa. A russuna a gaishe shi yadda aka saba. Sai a kama zancensa, ba a ture shi ba: "Shago za a je, Baba? To bari in ɗauko takalmina." Da ya ji an yarda, rabin zafin ya sauka. Daga nan a ja zaren: "Yau wace shadda ce ta fi tafiya?" ko "Baba, yaya ake gane atamfa mai zuba?" A ba shi lokaci, a ƙirga goma a zuci kafin a sake magana, don amsa na daɗewa kafin ta fito. In an maimaita tambaya a maimaita da kalmomin farko, sababbin kalmomi sabon aiki ne gare shi. Sai an ga kafaɗa ta sauka sannan a juya shi: "Mu sha kunu tukuna kafin mu fita," ko "An kusa kiran magariba, mu yi alwala." Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake matakin farko. Mutum na cewa zai tafi, a ce "ga shayi." Zai gane ana masa wayo irin na yara, kuma dattijon Kano ba ya ɗaukar raini ko da ya manta sunan 'ya'yansa.

In ya ƙi, a fita da shi. A zaga layi, a gaisa da mutane a ƙofar masallaci, a dawo ta wata hanya. Minti goma sha biyar na tafiya ya fi awa guda na kokawa. In da mota, a zaga kaɗan a dawo, sau da yawa kafin a iso ya manta dalilin fitar.

Amma wanda ya fi duka shi ne a riga shi. Ku samu littafi, ku yi mako guda kuna rubuta ƙarfe nawa abin ya tashi, me aka yi kafin nan, wa ke wurin, me ya kwantar da shi. In kun ga biyar saura ne, to ƙarfe huɗu, ana idar da la'asar, a shimfiɗa masa tabarma a inda ba hayaniya, a kawo masa aikinsa. Atamfofin matan gida guda biyar ko shida, ragowar yadi daga wurin tela, littafin lissafi da biro. Kada a ce "ga abin wasa," a ce "Baba, taimaka ka duba mana waɗannan, ba mu iya ninki irin naka ba." Hannu na tuna abin da kai ya manta. In ya ninke a karkace a yi godiya, kada a gyara a gabansa. A kunna fitila tun kafin duhu, a tanadi mai caji saboda ɗauke wuta, a kashe talabijin, musamman labarai da finafinan faɗa, don yana iya ɗauka a ɗakin ake yi. Barcin rana kada ya wuce awa guda, hantsi kuma ya fito ya sha haske.

"Zan koma gida" kuma ba kullum gidan cikin gari yake nufi ba. Wasu ko an kai su ƙofar gidan nasu cewa suke a kai su gida, don gidan yarinta suke nema, ko kuma suna nufin hankalinsu bai kwanta ba. A tambaye shi unguwar, maƙwabta, wa ke liman a lokacin. A kawo masa dardumarsa, butarsa, kujerarsa da rediyonsa na can, a jera su yadda suke a tsohon ɗakinsa.

Batun kuɗi: shi ke ɓoyewa, ya manta ya ɓoye, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da sata, kuma wanda ya fi shiga ɗakin shi ake ɗora wa. Kada a sa yaro rantsuwa, kada kuma a tsaya wanke shi a gaban Baba. A ce "Subhanallahi, nawa ne? Mu duba tare." Wuraren ɓuyan ba sa wuce uku ko huɗu: ƙarƙashin katifa, cikin hula, aljihun babbar riga, tsakanin littattafai. In kin hango, ki bar shi ya gano da kansa, in ke kika zaro za ki zama ɓarauniya ta biyu. A duba kwandon shara kafin a zubar, a duba aljihu kafin wanki. A bar masa lalita da 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin, masu yawa a hannu marasa yawa a lissafi, a sayi irinta guda biyu a ajiye ɗaya. Takardun gida da katin banki su koma hannun amintacce da sanin dukkan 'ya'ya, don kada zargin ya tashi daga kan jika ya koma tsakaninku. Yaron kuma a zaunar da shi a yi masa bayani, ya riƙa shiga tare da babba, ba shi kaɗai ba.

Almajirin Malam

Na gamsu da bayanin Malam, sai dai akwai inda mutane da yawa ke tsayawa: suna jin nauyin yi wa mahaifi ƙarya, kuma suna da gaskiya. Ba sai an yi ƙarya ba. Akwai abin da malamai ke kira tauriyya, ka faɗi magana ta gaskiya wadda ba za ta cutar ba. "Shago a rufe yake, Baba, ba abin da ya ɓata." Gaskiya ce. "Hajiya ba ta nan." Gaskiya ce. Amma "ta je unguwa yanzu za ta dawo" ban so ta, don wani zai zauna a ƙofa yana jira har dare, ko ya fita nema, an gudu ba a tsira ba.

Ku daina sanar da shi rasuwar. Duk sanda kuka faɗa, jin farko ne a wurinsa, kuna sa shi sabon zaman makoki kullum ba tare da ya samu damar yin haƙuri ba. Kuma ku lura, dattijo ba zai ce wa 'yarsa yana kewar matarsa ba, kunya ba ta barinsa, ke ma ba za ki tambaye shi haka ba. Sau da yawa "ina Hajiya?" na nufin abin da Hajiya ke yi masa a wannan lokaci: abinci, ruwan alwala, ko a zauna kusa da shi. Ki ce "Ba ta nan Baba, me za a kawo maka?" Ko ki ja shi zuwa labari: miyar da ta fi iyawa, shekarar da suka je Makka. In kuwa ya dube ki ya ce "Ta rasu ko?", to ranar ya tuna, kada ki musa. Ki ce e, Allah ya ji ƙanta, ku yi mata addu'a tare, ki zauna har ya huce.

Ibada ma haka. In ya yi la'asar sau uku, ko ya yi raka'a shida, a ƙyale shi. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe. Azumi kuma ku tambayi malami da likita tun kafin watan ya kama, don ƙishirwar yini na iya jefa shi cikin irin ruɗewar da Malama ta bayyana.

Ɗiyar Cikin Gari

Allah ya saka da alheri, gobe da safe za mu kai shi. Na manta ban faɗi wanka ba, sai an kai ruwa rana, Yaya ne ke fama da shi. Sannan Kawunmu ya ce a sa kwaɗo a ɗakinsa da daddare, Gwaggo kuma ta ce a kira masu ruƙiya, wasu na cewa a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau.

Ma'aikaciyar Jinya

Wanka tukuna. Ki duba abin ta idonsa: wani ƙato, wanda wata ran bai gane ɗansa ba ne, yana tuɓe masa riga. Ga tayil mai santsi, ga ruwa na zubowa a ka ba sanarwa. Tsoro ne da kunya. A daina cewa "Baba ka yi wanka, kana wari," kuma a daina tambayar "za ka yi wanka?", don amsar a'a ce. A yi shi da hantsi lokacin da yake cikin natsuwa, ba da yamma ba. A shirya komai kafin a kira shi: bokiti da ruwa mai ɗumi da aka gwada da gwiwar hannu, kujerar roba mai ƙarfi, tawul biyu, kayan sawa. A shiga ta ƙofar alwala, "Baba ga ruwa," don wannan jikinsa ya haddace. A fara da hannu da ƙafa, kai da fuska su zo ƙarshe, da moɗa ba shawa ba. Tawul ko zane na kan cinyarsa daga farko har ƙarshe. A ba shi soson a hannunsa, a ɗora hannu a kan nasa a fara masa, sai ya ci gaba. Umarni ɗaya a lokaci guda: "ɗaga hannu," a jira, sannan na gaba. In ya ƙi, a bari, a dawo bayan minti ashirin, ko a canza mutum. Uba kan ƙi umarnin ɗansa amma ya bi na ƙaninsa, ko tsohon yaron shagonsa, ko jikan da suke wasa da shi. Cikakken wanka sau biyu ko uku a mako ya wadatar, har da na Juma'a wanda da wuya ya ƙi, sauran kwanaki a goge hammata, matse-matsi da inda fata ke naɗewa da tsumma mai ɗumi. Lokacin hunturu a shafa masa mai, ƙaiƙayin bushewar fata ma na hana barci.

Kwaɗo a ɗaki, shi kaɗai a ciki, a'a. In gobara ta tashi ko ya faɗi fa? Kuma wanda ya farka ya ji shi a kulle zai yi ta dukan ƙofa ko ya nemi taga. Ɗaure shi kuwa ko a mafarki. Ƙofar gida ake tsarewa, ba ta ɗaki ba. A sa sakata can sama ko can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, a saka labule mai launin bango a kan ƙofar, a rataya 'yar ƙararrawa. Hula da takalmin fita a ɗauke su daga inda zai gani, su ke tuna masa tafiya, amma sandar da yake dogarawa a bar masa. Wani ya kwana a ɗakin ko a bakin ƙofa, a bar ƙaramar fitila a hanyar banɗaki, don yawancin yawon dare neman wurin fitsari ne. Ku ɗinka ƙyalle mai sunansa da lambar waya biyu a cikin kowace riga, takarda a aljihu yarwa zai yi. Ku ɗauki hotonsa na yanzu a waya. Mai unguwa, liman, mai shayi da masu shagon layi duk su sani, ɓoye cutar nan shi ke ɓatar da tsofaffi. In ya fita ba a gani ba, kada a jira: wasu su bi hanyar cikin gari da ta kasuwa, wasu su tambayi 'yan adaidaita sahu na bakin titi, a sanar da 'yan sanda, a kai cigiya gidan rediyo.

Addu'a da tofi da karatu a hankali, da muryar da ya saba, suna kwantar da shi, ku yi ta yi. Abin gudu shi ne baƙi su danne shi suna ihu a kunnensa, ko hayaƙi a ɗaki rufe, ko jiƙon da ba a san me ke ciki ba. Wannan ba aljanu ba ne ba sammu ba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa.

Ganin likitan ƙwaƙwalwa kuwa daidai ne, ko a Dawanau ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma a je a gan shi a dawo gida. Kwanciya a baƙon wuri na ƙara rikita mai mantuwa, sai in dole. Magungunan kwantar da hankali irin su haloperidol da risperidone suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, faɗuwa, har da mutuwa ga masu wannan cuta, shi ya sa ba a ba da su sai in mutum zai ji wa kansa ko wani ciwo kuma sauran hanyoyi sun gaza, a mafi ƙarancin awo, na 'yan makonni, ana dubawa. In Baba na ganin mutane ko dabbobin da babu su, ko jikinsa na sandarewa, ko hannu na rawa, ku faɗa wa likita kafin ya rubuta komai, akwai nau'in cutar da waɗannan magunguna ke yi wa mummunar illa.

Malam Na Fagge

Ƙari kan sandar da aka ɗaga. In abin ya kai haka, Yaya ya ja baya taku biyu, hannuwa a sake inda Baba zai gan su, ya rage murya, kada ya kama sandar. A janye yara. In ba haɗari, ya fita daga ɗakin gaba ɗaya, bayan minti biyar wani dabam ya yi sallama ya shigo da fara'a kamar ba abin da ya faru. Kada a tayar da zancen daga baya ko a ce ya ba da haƙuri, bai san an yi ba. Wuƙa, almakashi, ashana da maganin ɓera a kulle su. Kuma ku raba kwanakin: daga la'asar zuwa isha a sa wanda ya huta, ba wanda ya dawo daga aiki a gajiye da cunkoson Kabuga ba, don Baba na karanta fuska da murya fiye da kalmomi. Ku rubuta jadawalin a manna a bango, kowa ya san ranarsa, har da mazan gidan.